Madacin Bayan Ɗakin Inna

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana a gabana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu, can ƙasar Wurno, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake zama, ba ta shiga ɗakinsa. Yaran yanzu in na faɗa musu haka sai su ce ai wannan ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, ba su sani ba ne. In Inna na son magana da ni, sai ta fuskanci bango ko tukunya ta ce, "A ce ma wancan tuwonai ya yi sanyi." Ni ne wancan. Na girma ina wancan, na yi aure ina wancan, ban kuwa taɓa jin haushi ba, don na san duk ranar da aka yanka kaza a gidan, tsokar ƙirji a kwanona take ƙarewa, kuma ba wanda ya taɓa ganin hannun da ya sa ta.

Abin da zan faɗa ya faru ne a zamanin Turawa, ba da daɗewa ba bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama. Lokacin mahaifina ya riga ya rasu, ni ke riƙe da gidan, a wani ɗan ƙauye kusa da Lahodu. Mu uku ne manya a ciki: ni, da matata, da Inna. Gidan ba wani babba ba ne. Zaure ɗaya, ɗakina a gabas, ɗakin Inna a yamma, rumfar girki a tsakani. Bayan ɗakin Inna kuwa, cikin dangarmu, akwai wani madaci da kakana ya dasa da hannunsa.

Madacin nan yana bin mutane da yawa bashin alheri, idan itace na bin bashi. Duk wanda cikinsa ya murɗa a ƙauyen, ko zazzaɓi ya kama ɗansa, gidanmu yake zuwa neman sassaƙe, Inna kuwa ba ta iya cewa a'a ba. Shekara da shekaru ana ɓantarar ɓawonsa daga gefe guda, gefen da hannu ke kaiwa, har wurin ya bushe, gara ta samu ƙofa. Ba wanda ya kula. Wa ke duba lafiyar itacen da ya girmi ubansa?

Matata ce ta fara gani, a tsakiyar bazara, tana shanya. Ta kira ni ta nuna mini inda babban reshen ya rabu da uwar itacen. Reshen nan kaurinsa ya fi ƙugun ƙato, kuma shi ne ya miƙe kai tsaye a kan jinkar ɗakin Inna. Na hau na duba. Tsaga ce, baƙa, na tura hannuna ya shige har gwiwar hannu, na zaro shi da garin itace da ƙasar gara. Ina sauka ban yi shawara da kowa ba, na shiga ɗaki na ɗauko gatari.

Sai dai a lokacin itace ba na mai gida ba ne. An yi doka cewa madaci da ɗorawa da kaɗanya da giginya, ko a gonarka suke, ko a tsakar gidanka, ba ka sa musu ƙarfe sai malamin daji ya zo ya gani, an ba da takarda, ya buga wata guduma mai tambarin hukuma a jikin itacen. Mun san dokar ba wasa ba ce. Shekarar da ta gabata wani maƙwabcinmu ya sare reshen ɗorawa a gonar ubansa, don inuwa na kashe masa gero. Ranar kasuwa aka zo aka ɗaura masa igiya a ƙugu, dattijo mai furfura, aka ja shi a bayan doki ta gaban matansa da 'ya'yansa. Ya dawo daga gidan yari bayan kaka, bai sake zama a majalisar ƙofar masallaci ba. Inna tana leƙe ta danga ranar da aka wuce da shi.

Ina wasa gatarin a kan dutse sai na ji muryarta daga cikin ɗaki. Ba da ni take ba, da matata take, amma an ɗaga muryar yadda za ta iso ni.

"Ke, gaya ma wancan shi aje gatarin ga. In yas sa ma iccen ga ƙarhe anka ja shi da igiya, ban yahe mai ba, duniya da lahira."

Na ce, ni ma ina kallon dutse, "A gaya ma Inna reshen ga bisa kanta shike."

"A gaya mai na ji. Allah na bisa reshen."

Wanda uwarsa ba ta taɓa faɗa masa kalmar nan ba, ba zai san nauyinta ba. Na ajiye gatarin. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na shuri kwaryar kaji, amma na ajiye.

Daga nan na koma lallashi. Na ce ta dawo ɗakina, ni in koma zaure da kwana. Matata ta kai saƙon, ta dawo tana sunkuyar da kai. Inna ta ce ko na koma Makka da kwana, ɗakin nawa ne, gadona na ciki, rigunana na rataye, ita ba ta haukace ba. Na ce to ta tafi Goronyo wajen ƙanwata har a gama da itacen. Wannan ma ya fi muni, gidan suruki ke nan, gara ta kwana a kan titi. Zaure kuwa wurin maza ne, ba ta taɓa tsayawa a cikinsa ba sai dai wucewa. Abin da ta yarda da shi ɗaya ne: in na gina mata sabon ɗaki a kusurwar kudu, za ta koma. Sai na raba kaina biyu, rabi ga kwaɓa ƙasa, rabi ga neman takarda. Reshen kuma na tokare shi da gwafa mafi ƙarfi da na samu, ina tokarawa ina jin kunyar kaina, don na san gwafa ba ta riƙe irin wannan.

Na fara da mai garinmu. Mutumin kirki ne, abokin mahaifina. Ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, da zamanin da na, da yanzu mun gama. Yanzu ko sandar kiwo ba ni iya ba ka." Ya haɗa ni da wani bafadensa muka tafi Wurno gidan ubanƙasa, wato hakimin ƙasarmu. Muka zube muka yi gaisuwa, na kai kaza da kwandon albasa kamar yadda ake yi. Aka saurare ni, aka ce magana ce ta malamin daji, shi kuwa ya fita rangadi, yana Rabah.

Mutum ɗaya ne, da doki ɗaya, aka ɗora masa itatuwan ƙasa uku. Na je Rabah a ƙasa, aka ce jiya ya tashi. Na dawo gida na yi tubali. Aka ce an gan shi a Wurno, na je, aka ce ya wuce Goronyo ana rigimar giginya a bakin gulbi. Na dawo na ɗora bango. Kullum na shigo gida kafin in yi sallama sai idona ya tafi kan reshen nan, kuma kullum ina ganin gwafar ta ƙara lanƙwasa, ko da ba ta ƙara ba. Barci ya ƙaurace mini. Matata ta ce na rame, na daka mata tsawa ba gaira ba dalili.

A Goronyo na kama shi, ranar kasuwa, yana zaune a rumfar wani mai goro ya cire takalmi yana sosa ƙafa. Na daɗe ina shirya masa baƙar magana a hanya, sai na tarar da ɗan siririn mutum mai tari, wanda rana ta gasa fiye da ni. Na durƙusa na ce, "Allah shi gahwarta malam." Na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Wane icce na?"

Na ce, "Madaci."

Ya runtse ido. "Da gawo na ko marke, da na ce ka tahi ka sare. Madaci sai Bature ya sa hannu. Sai ni gani da idona, in rubuta, a kai Sakkwato, a maido."

"Malam, hadari ya hwara haɗuwa gabas."

"Na gani. Ni ma ɗan ƙasag ga na."

Ya cika alkawari, ya zo ƙauyenmu. Ya hau itacen da kansa, ya tura hannu cikin tsagar, ya sauko yana karkaɗe riga. Ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya ce, "Wa ka kwana nan?" Na ce mahaifiyata. Ya ce a fitar da ita yau. Na ce ta ƙi, na gaya masa dalili. Bai yi dariya ba, ya ce tasa uwar ma haka take. Gudumar tana rataye a sirdinsa cikin jakar fata, ina ganin ƙotarta. Na ce, "Malam, ga guduma, ga icce. Bugu ɗaya na." Ya ce in ya buga ba takarda, igiyar da nake gudu a ƙugunsa za ta ƙare, shi ma yana da masu cin tuwo a hannunsa. Ya rubuta abin da zai rubuta ya hau doki. Inna ta aiko masa da fura, ya sha a tsaye.

Na tsani mutumin nan a ranar, ƙiyayya ta gaske. Daga baya na gane ba shi na tsana ba. Wanda na tsana ban taɓa ganinsa ba, wani ne a can, a gida mai rufin kwano, wanda zai sa hannu a kan reshen da bai taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba, in ya gama abin da ya fi wannan muhimmanci. Har yau ban san kamanninsa ba, har yau kuma ban huce ba.

Bangon sabon ɗaki ya kai, saura jinka. A nan aiki ya tsaya. Ƙarshen bazara ne, ciyawar rufi ta ƙare a ko'ina, wadda ta rage dabbobi sun cinye, dajin da muke yanko sandunan jinka kuma an mai da shi gandu, an kafa masa duwatsu. Na bi gida gida ina roƙon tsohon rufi, wannan ya ba ni dami, wancan ya ba ni rabi. Mata suna tsokanar matata wai mijinta ya zama kaza mai tara tsinke.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Mutane suka fita roƙon ruwa bayan gari, na bi su don ba yadda zan ƙi. Liman na addu'a, jama'a na amsa amin da ƙarfi, tsofaffi na kuka, ni kuwa bakina na motsi ba abin da ke fita. Ina da gona kamar kowa, rumbuna ya kusa ƙasa kamar na kowa, amma a cikin sahun nan ni kaɗai ne nake roƙon Allah a ɓoye ya ƙara mana kwanaki na fari.

Wata safiya ɗan aike ya zo daga Wurno, ya ce takarda ta iso, in je in taho da malam. Ban tsaya karyawa ba. Ina ɗaura takalmi a tsakar gida, Inna na zaune a bakin ɗakinta tana kaɗi, ta juya mini gefe kamar kullum. Ta ce wa mazarinta, "A ce ma wancan shi ɗauki malhwa, rana na da zahi." Na ce, "A ce ma Inna yau in Allah ya so mu gama." Ta ci gaba da kaɗinta. Na ɗauki malafar na fita.

Na sami malam a Wurno, takarda na aljihunsa, ya nuna mini ita kamar shi ma an sauke masa kaya. Muka kamo hanya bayan azahar, yana kan doki ina gefe. Ba mu yi nisa ba gabas ta yi baƙi. Iska ta fara tahowa da ƙasa, irin ta ruwan farko, wadda ke kwashe danga ta kai gidan maƙwabci. Na fara gudu. Malam ya ce in hau bayansa, na hau, amma dokin ya ƙi gaba, yana ta juyawa yana ba iska baya. Dole muka fake a wata rugar Fulani. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Matan rugar na guɗa, yara na tsalle tsirara a cikin ruwa, ni ina tsaye a bakin bukka ina jin kowace iska a cikin haƙarƙarina.

Da ruwan ya tsagaita muka ci gaba cikin laka. Madacinmu shi ne abin da ake fara hangowa in an doso ƙauyen, tun ina yaro da shi nake gane gida. Na hango shi, na ga sama ta wurin da ban taɓa ganin sama ba. Ban tuna yadda na sauka daga dokin ba.

Maza sun cika gidan, har cikin tsakar gida inda ba sa shiga. Ɗakin Inna ya zama tarin ƙasa da ciyawa. Reshen an daddatse shi gunduwa gunduwa, gatura na yashe a cikin laka, har da nawa. Wanda ya fi kowa sara, aka ce, shi ne dattijon nan da aka taɓa ja da igiya. Sun fito da ita da sauran rai, amma ba ta kai la'asar ba. Mai gari ya riƙe ni ya ce, "Sai haƙuri, ɗana." An kwantar da ita a cikin sabon ɗakin da ba rufi, don nan kaɗai ne matata ta san ba za ta ƙi ba.

Muka yi mata sutura kafin magariba. Malamin daji ya yi alwala ya bi sahu, ya ɗauki makara tare da mu. Da muka dawo ya ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa, ya ce akwai abin da ya zama dole ya yi, in yi masa haƙuri. Reshen nan an sa masa ƙarfe, in wani ya kai magana ba tambari a jiki, duk wanda ya ɗaga gatari yau zai amsa tambaya. Na ce ya yi. Ya ciro gudumar daga jakar fata, ya bi gunduwoyin nan ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, mutane na zaune a kan tabarmin makoki suna ji. Taimako ya yi mana, na sani. Amma ƙarar gudumar nan ban taɓa jin abin da ya fi ta muni ba.

Sai da aka share makoki, baƙi suka watse, ƙanwata ta koma Goronyo, sannan matata ta gaya mini sauran. Da hantsi ne, tana tsince wake a rumfa, ina gyaran ƙotar fartanya, don shuka ba ta jiran mai makoki. Ta ce da iskar ta taso ta ruga ta kama hannun Inna, ta ce don Allah don Annabi ta zo su fake a ɗakinmu, ai ba na nan. Inna ta biyo ta. Ta zo har bakin ƙofa, ruwa na dukanta, ta ɗaga labule. Sai ta ga rigata ta Juma'a a rataye a kan igiya. Ta saki labulen ta ce, "Bari dai, yanzu hadarin shi wuce," ta koma ɗakinta.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ci gaba da juya waken da ta riga ta tsince. Sannan ta ce da reshen ya faɗi, ita ce ta fara isa, kafin maza su ji ihunta. Tana tona ƙasa da hannu, ta ji Inna na kira daga ƙarƙashi.

"Mi tac ce?"

"Kai taka kira."

"Wancan?"

"A'a. Sunanka. Na yanka."

Na ajiye fartanyar. Na ce ta faɗa mini yadda ta faɗe shi. Da ƙarfi ne ko a hankali? Ta ja ƙarshensa ne yadda kakata ke yi, ko ta datse shi? Ina so in ji, ko a bakin wani ne. Ba wanda ya ji sai ita, iska ta hana.

Matata ta buɗe baki. Na ga leɓenta ya ɗauko harafin farko. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ita ma 'yar ƙasar nan ce, tarbiyyar irin su Inna, mace ba ta kama sunan mijinta. Na roƙe ta, na yi fushi, na ce na yafe mata, na ce ni na sa ta. Ta ce, "Don Allah maigida ka bar ni, ba ni iyawa."

Madacin yana nan har bayan tafiyar Turawa, da gefe guda a gundule, mutane na zuwa neman sassaƙe, ban hana kowa ba. Ni da matata mun yi zama mai tsawo, mun aurar da 'ya'ya, mun ga jikoki. Nakan sake tambayarta jefi jefi, in ruwan farko ya sauka, takan ce in bari sai wani lokaci. Ita ma ta rasu ba ta faɗa ba.